Tukunyar Aro

Hajiya, mahaifiyata, ta sauka a Greensboro ta ƙasar Amurka jaririyata ko cibiya ba ta yar ba. Ta shigo ɗan gidanmu na haya a unguwar Glenwood da rigunan sanyi biyu ɗaya kan ɗaya, ta karɓi jaririyar ta jujjuya ta, ta ce hancinta kamar an zauna a kai, sannan ta miƙo min ita ba tare da ta dube ni ba. Ni ce 'yar fari. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta yi mata fara'a a gaban mutane, ba ta dafa ta. Tun tasowata sunana a bakinta "Ke". In ƙannena suka faɗi sai ta ɗauke su ta rarrasa, in ni na faɗi sai ta ce da wata, "Ku ɗaga yarinyar can." Kowa ya gaya min kunya ce, ba ƙiyayya ba, na kuma yarda, amma yardar ba ta taɓa ƙosar da ni ba.

Shi ya sa da ta ajiye jakarta ta ce, "Ke, ina tukunyar wanka?" sai murna ta kama ni. Wankan jego ta zo yi min, kwana arba'in, safe da yamma, da tafasasshen ruwa da ganye. Likitar da ta karɓi haihuwata ta riga ta ja min kunne a kan ruwan zafi da kunun kanwa, na ce mata to. Ita kuwa Hajiya abin da ta sani shi ne, macen da ba a gasa ba sanyi zai shige ƙashinta ya rufe mata mahaifa, ga shi na shekara da shekaru ina jira kafin Allah ya ba ni wannan. Ni dai ba sanyin nake tsoro ba. A duk rayuwar 'yar fari, waɗannan kwanakin ne kaɗai al'ada ta yarda uwarta ta sa hannu a jikinta, kuma ko da ruwan dalma za a yi wankan ina so.

Na kai ta banɗaki na murɗa famfo, ruwan zafi ya zubo har madubi ya yi gumi. Ta tara yatsa ɗaya.

"Wa ya dahwa shi?"

"Hajiya, akwai tanki a ƙarƙashin gida, lantarki ne ke zafafa shi."

"Ruwan da bai ga wuta ba bai gasa mutum," ta ce, ta goge yatsan a zanenta.

Muka gwada ƙananan tukwane a kan murhun lantarki. Tururi ya cika kicin, na'urar nan ta jikin rufi da ke kururuwa in ta ji hayaƙi ta kama ihu, jaririya ta taya ta. Hajiya ta ɗaga kai ta ce ba ta taɓa ganin gida mai tsegumi irin wannan ba.

Aka sa maigidana cikin maganar, shi ma wannan wani aiki ne. Mutumin Maraɗi ne, yana lodin kwalaye a wani babban sito da ke kan titin Wendover, kuma shi da Hajiya ba sa haɗa ido, kamar yadda ya kamata suruki da suruka. A ƙauye wannan abu ne mai sauƙi, gida da faɗi. A gida mai ɗaki biyu da lungu ɗaya kuwa, sai ya yi gyaran murya kafin ya fito, ita kuma ta juya ta fuskanci bango ta ce, "A gaya ma mai gidan nan ana son tukunya." Shi ma ya amsa wa bangon. Ya zaga manyan kantunan Wendover bayan ya tashi daga aiki, ya dawo da wata doguwar tukunyar alminiyom da ake soya talo-talo a ciki, yana ta jin kansa. Hajiya ta ƙwanƙwasa ta da farce.

"A gaya ma mai gidan nan an gode. Amma wanga gwangwani na."

Washegari tana shanya tsummokan jaririya a bayan gida ta hango abin da take nema. Shingen waya ne kawai tsakaninmu da maƙwabciyarmu, da wata 'yar ƙofa a jikinsa. A can tsakar bayan gidanta ga wata baƙar tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku, mai tumbi, wadda yaro zai shige ya ɓuya. Hajiya ta dube ta irin kallon da ba ta taɓa yi min ba.

"Ke, je ki aro."

Maƙwabciyar nan tsohuwar Baturiya ce da ta yi ritaya daga aikin ɗakin karatu. Furfurarta har kugu, tana yawo ba takalmi ko ana sanyi, ga kyanwoyi, ga 'yan ƙararrawa rataye a barandarta suna kiɗa wa iska. Mutuniyar kirki ce, lokacin da cikina ya tsufa ita ke jan min kwandon shara zuwa bakin titi. Kuma arniya ce. Ba zaginta nake yi ba, da bakinta ta gaya min tun shekarar da muka tare, tana murmushi, kamar wadda ta ce ita 'yar Damagaram ce.

Na je bakin shinge na yi mata bayani, Hajiya na tsaye a bayana. Sai matar nan ta dafa ƙirji, idonta ya kawo ruwa. Ta ce wannan tukunya ba tukunya ce kawai ba, mahaifar uwargijiyar da ke tayar da ƙasa daga barcin sanyi ce. Ta ce duk shekara, ranar da dare da rana suka yi kunnen doki a watan Maris, ita da ƙawayenta suna taruwa su cika ta da ruwa da furanni, su kira iyayengijin soyayya da na haihuwa na ƙasashen duniya, su roƙa wa gonaki da mata albarka. Ta ce a ce yau mai jego ce za ta yi wanka daga cikinta, ai babu abin da ya fi wannan dacewa. Mu ɗauka, mu dai dawo mata da ita ranar bikin.

"Mi ta ce?" in ji Hajiya.

"Ta ce tukunyar biki ce, a mayar mata ranar bikinsu."

"Duk wanga dogon zance?"

"Turanci ne, Hajiya. Haka yake da tsawo."

Hajiya ta jinjina kai, ta ce duk macen da ta mallaki tukunyar biki ta kanta ta san zaman duniya.

Saura ganye. Babu darbejiya a nan jihar Carolina, kuma a ƙarshen sanyi itatuwa duk tsirara suke. Maigidana, Allah ya saka masa, ya fita ya samo wani kore shar mai sheƙi, ya ajiye a bakin ƙofa. Kowane ganye gefensa ƙaya ne kamar zarto. Hajiya ta ɗaga reshe ɗaya ta juya ga bango.

"A tambayi mai gidan nan ko ya gaji da matatai."

Maƙwabciya ce ta fitar da mu. Ta yanko mana rassan wata bishiya mai faɗin ganye wadda sanyi ba ya kaɗe ta, ta haɗa da wani ɗan siririn ganye mai ƙamshi daga lambunta, ta ba mu itacen da ya rage mata na hunturu. Hajiya ta murza ganyen ta shinshina, ta ce ba laifi.

Haka muka fara. Da asuba Hajiya ta hura wuta a ƙarƙashin tukunya, ruwa ya tafasa, ta ɗebo a bokiti ta kawo banɗaki inda nake zaune cikin baho. Ta tsoma damin ganye ta fyaɗa min a baya, na ƙwala ihu, ta ce, "Raguwa." In ta fita ɗebo wani bokitin sai in yi maza in sirka wanda ke gabana da ruwan famfo, don likita ma tana da nata haƙƙin. Na kuma gaya wa Hajiya kanwa tana wuyar samu a Amurka, sai ta riƙa tsakura kaɗan a kunu. Amma in an gama fyaɗe-fyaɗen, takan ajiye ganyen ta sa tafin hannunta ta daddanna min baya, daga wuya har kwankwaso. Hannun da kaushi, da ƙanshin hayaƙi. Nakan sunkuyar da kai in bar tururi ya ɗauki laifin abin da ke zuba daga idona. Ban taɓa jin daɗi irin na kwanakin nan ba, duk da fatata ta yi ja kamar gauta.

Labari ya kai ga ƙawayen maƙwabciya. Sai ga su da yamma bibbiyu, mata masu dogayen siket da sarƙoƙin duwatsu, su tsaya a bakin shinge suna kallon tsohuwa cikin farin mayafi tana juya ganye a tukunya, tururi na tashi, bakinta na motsi. Salati take yi. Su dafa ƙirji su rusuna mata. Ɗaya ta tambaye ni cikin raɗa wace uwargijiya take kira, kuma ko za ta yarda ta jagorance su ranar biki. Na ce mata addu'a ce irin ta gida. Na juya na ce da Hajiya suna yi mata sannu da aiki.

"Turawan unguwar ga suna da tarbiyya," in ji Hajiya, ta ɗaga musu hannu kamar gwamna.

Na san ramin ƙarya ƙurarre ne, amma na ɗauka nawa zai kai arba'in.

Sanyi ya fara sassautawa. Furanni rawaya suka ɓullo a gefen titi, itatuwan unguwa suka yi fari fat da fure mai ƙarnin kifi, ɗalibai suka fito da kekunansu da gajerun wanduna. Bikin ya matso. Wata rana da hantsi Hajiya ta dama kunu ya yi mata kyau, ta ce bai kamata a yi ta cin arzikin mutum ba a taɓa leƙa shi ba. Ta zuba a kwano ta buɗe 'yar ƙofar shinge da kanta. Ina kicin ina shayarwa, ina hangen ta ta taga, ba halin in tashi.

Maƙwabciya ba ta nan, amma ta riga ta fara shiri. A gindin babbar bishiyar da ke ƙarshen gidanta ta shimfiɗa ƙyalle kore, ta girka wata mace ta dutse mai ƙaton ciki da manyan nonuwa, ba fuska. Ga zomaye na yumɓu, ga ƙwai an shafe su da launi iri-iri, ga wani ɗan kasko da madara, an tsiyaya sauran a kan saiwar bishiyar har ƙasar ta yi fari. Hajiya ta tsaya. Ta daɗe a tsaye, har kunun ya daina tururi. Wannan karon ba ta nemi tafinta ba.

Ta dawo da kwanonta a hannu. Ta janye itacen da ke ci ɗaya bayan ɗaya ta turmuza a ƙasa, ta kifar da ruwan tukunya, sannan ta shigo.

"Ke. Kin sani?"

"Na sani, Hajiya."

Na shirya wa faɗa, don bakin Hajiya in ya buɗe har maƙwabtan maƙwabta sai sun ƙaru. Amma faɗan bai zo ba. Ta shige ɗaki ta shimfiɗa dardumar salla, wannan shirun ya fi faɗan tayar min da hankali.

Da maigidana ya dawo, bango ya ba shi umarni ya mayar da tukunyar mutane. Ya tattare hannun riga ya rungume ta yana nishi, ya kai bakin shinge, sai muryar Hajiya ta fito ta taga.

"Wayam?"

Ya tsaya cak. A wajenmu ba a mayar da kwanon aro ba komai a ciki. Ko gyaɗa ce cikin tafi sai ka zuba, in ba haka ba ka nuna ba ka da uwa a gida. To amma duk abin da Hajiya ta zuba a tukunyar nan, gaban mai ƙaton ciki za a kai shi. Ta mayar wayam ta zama marar mutunci, ta zuba wani abu ta ciyar da gunki, ita da ta je Makka har aka sa mata haƙorin azurfa. Gaba kura, baya sayaki. Maigidana ya jira hukunci har hannunsa ya gaji, bai zo ba, ya dire tukunyar a jikin shinge ta ɓangarenmu. Nan ta zauna, ba ta tafi ba, ba ta dawo ba.

Shi da yake mai son sulhu ne, ya buga wa wani malami waya, ya zo ya tsaya a lungu ya yi gyaran murya ya karanta wa bango fatawa. Malam ya ce ƙarfe ba ya da addini. In zuciya ba ta kwanta ba a wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa, shi ke nan.

"A gaya ma mai gidan nan ban aike shi ba," in ji bango.

Wanka ya tsaya. Hajiya ta ce tunda na zama Baturiya in je in yi da famfona. Tana dama min kunu, tana yi wa jaririya wanka, tana wanke tsumma, amma hannunta ya koma inda ya saba zama, nesa da ni. Na ji haushi ƙwarai. Na ji haushin maƙwabciya da kyanwoyinta, na ji haushin dutsen da ko fuska ba shi da ita amma ya iya shiga tsakanina da uwata, na fi jin haushin Hajiya. Na tsaya ƙarƙashin ruwan da bai ga wuta ba na yi kuka mai isata. Da na fito na yi abin da 'yar fari ba ta yi, na tsaya a kanta.

"Hajiya, kin ƙetare teku don ki yi min wanka, yanzu dutse ne zai hana ki?"

Ta ci gaba da jan carbinta kamar iska ce ta wuce.

Ita kuwa maƙwabciya ba ta san wainar da ake toyawa ba. Ta ga hayaƙi ya daina tashi, sai ta ɗauka itace ne ya ƙare mana muka ji kunyar faɗa. Ba ta ƙwanƙwasa ƙofa ba don kada ta ta da jaririya. Da gari ya waye sai ga damin itace a kan matakalar ƙofarmu ta baya, an ɗaure da tsumma, an ɗora sabon ganye a kai. Hajiya ta fito alwala, ta tsallake shi ta wuce. Washegari da asuba ga wani damin a kan na jiya.

Na fito da jaririya a kafaɗa na iske Hajiya zaune a kan matakalar, buta a gefenta, ba ta yi alwalar ba. Ta miƙo hannu na ba ta jaririyar. Ta kwantar da ita a cinya ta gyara mata hula, sannan ta fara magana da ita, don da ni ba za ta iya ba.

"Ke 'yar ƙarama, saurara. An ce ma uwarki tawa uwar ta mutu tun ba a haihe ta ba. Lokacin ba ta mutu ba, tana nan ƙauyensu bayan Ƙonni, tahiyar hantsi. Ba'azna ta, ba ta taɓa sa goshi ƙasa ba. In lokacin buɗin daji ya yi, kahin ruwa shi sauka, ita ka zuba ma Doguwa nono gindin tsamiya, matan da ba su haihuwa su zo su durƙusa. Kuma suna samu." Ta dafe baki. "Astagfirullah."

Ni dai na jingina da ƙofa. Ban taɓa jin an ambaci kakata da abin da ya wuce Allah ya jiƙan na baya ba.

"Gidan kakanki gidan malamai na. Anka ce arniya ba ta ƙetare zaure. Da na haihi uwarki, kullum da asuba sai a iske damin itace da ganyen darbejiya bakin ƙohwa, har anka yi arba'in. Matan gida su sunka yi min wanka. Ina kwance ina jin sawunta bayan katanga, ta aje, ta tsaya kaɗan, ta tahi. Itacenta anka ƙona, babu wanda ya ce itacen arne na. Hannunta kaɗai anka ƙi."

Ta share wa jaririya baki da gefen mayafi, alhali babu komai a bakin.

"Rannan da na ga madarar can gindin icce, ba gunkin na gani ba."

Wani jan tsuntsu ya sauka a kan shinge, motar bas ta farko ta wuce a titi. Hajiya ta miƙo min jaririyar, ta ɗauki butarta ta yi alwala ta yi salla. Da ta sallame ta fito ta kwance tsumman damin itacen.

"Ke, kawo ashana."

Ta wanke tukunyar sau bakwai, ɗaya da ƙasa, amma ta jira sai da maigidana ya tafi aiki don kada ya ce shi ya faɗa.

Ranar biki ta yi min wankan yamma tun da azahar. Ta riga ta jiƙa geron da muka sayo a shagon kayan Afirka, ta sa na markaɗa mata a injin kicin tana tsaki, ta dafa ta kirɓa ta cura fura, ta dama da kindirmon kanti a cikin babbar ƙwaryar da ta zo da ita daga gida. Ta goge tukunyar har ta yi sheƙi, ta zaunar da ƙwaryar a ciki ta rufe da faifai. Tukunyar ta fi ƙarfin mutum ɗaya in ba a son fura ta zube, don haka ita da surukinta suka kama, kowa da kunne ɗaya, ita tana kallon gabas shi yana kallon yamma, suna tafiya a karkace kamar ƙaguwa. Na bi su a baya ina cizon leɓe.

Maƙwabciya ta fito da furanni a ka. Hajiya ta buɗe faifan.

"Ke, gaya mata. Kuma wanga karon Turancin shi yi tsawon Hausar, ba ƙari ba ragi. Hurar ga ta maƙwabciya ta, wadda ta ba ni itace. Ba ta waccan macen dutse mai tumbin ba ta."

Na faɗa yadda aka ce, har mai tumbin. Na ƙara da bayanin cewa a wajenmu ba a mayar da kwano wayam. Matar nan ta yi dariya har ta riƙe shinge, ta ce a gaya wa Hajiya ta kwantar da hankalinta, mai tumbin ba ta da ci, tumbin na gado ne. Na fassara wannan ma. Hajiya ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa.

Da la'asar ta yi sanyi matan suka taru, ba takalmi, kowace da kambin furanni. Suka fitar da ƙwaryar suka ajiye a gefe, suka cika tukunyar da ruwa da fure, suka kewaye ta suna riƙe da hannun juna. Suka shiga kiran iyayengijin soyayya da haihuwa ɗaya bayan ɗaya, ta Girka, ta Masar, ta ƙasashen ƙanƙara, kamar malamin aji yana kiran suna, babu wadda ta amsa. Wata ta kama wata faffaɗar ganga tana bugawa. Hajiya na zaune a matakalarmu da carbi, ta ba su rabin baya, wai ita ba kallo take yi ba.

"Da wanga kiɗi," ta ce da jaririya, "ko aljanin da ba shi da aikin yi bai zuwa. Kamar ana kakkaɓe katifa." Ta ja carbi da sauri. "Astagfirullah."

Da suka gama suka zauna a ciyawa, maƙwabciya ta ɗauki ludayi za ta raba fura. Ta ɗebo na farko, hannunta ya karkata zuwa ƙasa don sabo, sai ta tuna. Ta tsaya da ludayin a sama, ta dubo Hajiya ta cikin shinge. Hajiya ta dube ta. Sannan a hankali ta juya fuskarta gefe, ta kafa wa bishiyar nan mai ƙarnin kifi ido kamar yau ta fara ganin ta. Na san wannan juyin fuskar. Da shi aka rene ni. Furar ta zuba a ƙasa, Hajiya ba ta gani ba, don haka babu abin da ya faru.

Washegari da asuba tukunya ta dawo bakin shinge a wanke, ƙwaryar na ciki, cike da dafaffen ƙwai ja da shuɗi da kore. Maƙwabciya ta ɗauki karatu. Hajiya ta juya su ta duba, ta zuba a faranti ta ajiye a lungu.

"A ba mai gidan nan. Shi da malaminsa ya ce abu ba ya da addini."

Ya cinye su tas, da yaji.

Muka ci gaba da wanka har kwanakin suka cika. Ranar ƙarshe ta fyaɗa min ganyen yadda ta saba, na yi ihun yadda na saba, ta ce raguwa. Ta ajiye damin ta daddanna min baya daga wuya zuwa kwankwaso. Da ta kai ƙarshe sai ta mayar da tafinta tsakiyar bayana ta bar shi a nan. Jaririya na barci a ɗaki, babu wanda za ta fake da shi, ko bangon ma ba ta juya ta kalla ba.

"Ke."

"Na'am, Hajiya."

"Ran da wagga ɗiya ta haihu, ko ina take, ko wa ta aura, ko mi take bauta ma, ki tahi. Kuma kada ki tsaya bakin ƙohwa."

Na ce to. Ruwan bahon ya riga ya huce, amma ba ta ɗauke hannunta ba, ni ma ban motsa ba.